TANDIL, GARIN DUWATSU DA 'YAN WASAN TANIS

Wanda ya tashi daga Buenos Aires, babban birnin ƙasar Ajantina, ya nufi kudu, zai yi tafiyar kimanin mil 220 a cikin fili fetal, ba tudu ba gangare, sai ciyawa da garkunan shanu da gonakin alkama iyakar ganin ido. Sai ya fara ƙosawa da wannan shimfiɗa sa'an nan zai hango waɗansu duwatsu can gaba sun yi jerin gwano. A gindinsu garin Tandil yake. Duwatsun ba su da wani tsawo, mutumin Jos ma raina su zai yi, amma masana sun ce sun haura shekara miliyan dubu biyu, watau suna cikin mafiya tsufa a duniya.

Cikin 1823 aka kafa garin, a matsayin sansanin soja. Daga baya baƙi suka yi ta kwararowa daga Italiya da Sipaniya da Danmak, waɗansu noma ya kawo su, waɗansu fasa dutse. Da duwatsun Tandil aka daɓe tituna masu yawa na Buenos Aires. Yau an san garin da cuku da wani irin busasshen nama da ake ɗurawa cikin hanji. Matafiyi Musulmi dai ya yi hattara da shi, don akwai naman alade a ciki.

Abin da ya fara ɗaukaka sunan Tandil shi ne wani dutse mai nauyin wajen tan 300, wanda ya tsaya a bakin wani tsauni a kan ɗan tsininsa, yana rangaji a hankali, bai faɗi ba. Masu zuwa kallo sukan cusa kwalba a ƙarƙashinsa, su koma gefe su jira motsinsa ya murƙushe ta. Ran 29 ga Fabrairu 1912 sai ya gangaro ya rabu uku. Waɗansu suka ɗora laifin a kan nakiyar masu fasa dutse, waɗansu suka ce ɓarna ce aka yi da gangan. Cikin 2007 aka ƙera wani mai kama da shi aka ɗora a gurbin, aka ɗaure shi tamau. Wannan ba ya motsi, kuma a ganina gutsattsarin na asali da ke zube a ƙasa sun fi shi cancantar a tsaya a duba.

To, amma ba dutse ne ya sa muka kawo mai karatu nan ba. A garin akwai wani kulob mai suna Independiente, yana da filayen tanis na jar ƙasa, watau garin jan bulo da ake barbazawa a daddaɓe. A irin wannan fili ƙwallo ba ta gudu sosai, saboda haka yaro yakan koyi haƙuri da naci tun yana ƙarami. Daga wannan kulob ɗin aka sami Guillermo Pérez Roldán, da Mariano Zabaleta, da Juan Mónaco wanda ya shiga sahun goma na farko a duniya cikin 2012, da Máximo González. Garin da mutanensa ba su kai dubu ɗari biyu ba! Sai dai labarin ba duka ne mai daɗi ba, gama cikin 2020 Guillermo ya fito fili ya zargi mahaifinsa, wanda shi ne ya kafa makarantar tanis ɗin, da dukansa da kuma cinye masa dukiya.

Wanda ya fi su duka shi ne Juan Martín del Potro, da aka haifa ran 23 ga Satumba 1988. Ubansa likitan dabbobi ne, uwarsa malamar makaranta. Ƙwallon ƙafa ya fara so, har wani mai koyarwa, Marcelo Gómez, ya ja shi zuwa tanis. Yaro ya yi ta miƙewa har ya kai ƙafa 6 da inci 6, aka laƙaba masa suna Hasumiyar Tandil. Makaminsa bugun hannun dama ne, wanda yake saki a miƙe, da ƙarfin da 'yan kallo kan yi kabbara irin tasu in sun ji ƙararsa.

Cikin 2009, yana da shekara 20, ya je babbar gasar Amurka a New York. Ya lallasa Rafael Nadal a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ya gamu da Roger Federer, wanda ya riƙe kofin nan shekara biyar a jere. Sai da suka yi zubi biyar cur, Del Potro ya yi galaba. Tun bayan Guillermo Vilas cikin 1977 babu namijin Ajantina da ya ci wannan gasa. Da ya komo gida, a kan motar kashe gobara aka zaga da shi Tandil, gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa.

Kowa ya ɗauka mafari ke nan. Ashe jikin da ya ba shi wannan ƙarfi ba zai iya ɗaukarsa ba. Cikin 2010 aka yi masa aiki a wuyan hannun dama, shekarar ta tafi a banza. Ya farfaɗo, ya sami lambar tagulla a wasannin Olamfik na Landan cikin 2012, bayan Federer ya sha da ƙyar a hannunsa da ci 19 da 17 a zubin ƙarshe. Sai wuyan hannun hagu ya ɗauka: aiki uku tsakanin 2014 da 2015. A nan ne matsalar take, domin da hannu biyu yake mayar da ƙwallon da ta zo masa ta hagu. Da hannun ya ƙi, dole ya koma yankan ƙwallo da hannu ɗaya, yana lallaɓawa har ya sami damar sakin na dama. A farkon 2016 ya faɗo ƙasa da na dubu a jerin 'yan wasan duniya.

Shekarar nan kuwa ita ce mutanen ƙasarsa suka fi tunawa. A Olamfik na Rio ya fitar da Novak Djokovic a zagayen farko, ya fitar da Nadal, ya tsaya a lambar azurfa a hannun Andy Murray. Cikin Nuwamba aka je Zagreb wasan ƙarshe na Kofin Davis, wanda ƙasa da ƙasa ke takara a kansa. Sau huɗu Ajantina tana zuwa wannan matsayi tana dawowa hannu rabbana: 1981, 2006, 2008 da 2011. Na 2008 ya fi ciwo, don a gida aka yi shi, a Mar del Plata, maƙwabciyar Tandil, kuma Del Potro na cikin waɗanda aka ci. A Zagreb, Kuroshiya na gaba da 2 da 1, Marin Čilić ya cinye zubi biyu na farko, saura ɗaya kofi ya tafi. Del Potro ya cinye ukun da suka rage, bayan kusan awa biyar, da karyayyen ɗan yatsa a hannun hagu. Federico Delbonis ya ƙarasa aikin.

Cikin 2018 ya kai na uku a duniya, ya sake zuwa wasan ƙarshe a New York. A watan Oktoba ya faɗi a Shanghai, ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya tsage. Cikin Yuni 2019 ya sake tsagewa a Landan. Aka yi ta yanka ana ɗinkewa, gwiwa ba ta koma daidai ba. Mahaifinsa ya rasu a farkon 2021.

Wasansa na ƙarshe a gasa a Buenos Aires aka yi shi, cikin Fabrairu 2022, mahaifiyarsa na zaune cikin 'yan kallo. Abokin karawar kuwa Delbonis ne, mutumin Zagreb. Kafin a tashi kuka ya ci ƙarfinsa, da aka gama ya kwance ƙyallen da yake ɗaurawa a goshi ya rataye a kan raga. Kofuna 22 ya tara. A ƙarshen 2024 ya gaya wa duniya cewa ko matakala ba ya iya hawa sai da ciwo, kullum kuma da ƙwayoyin magani yake tashi. Ran 1 ga Disamba na shekarar Djokovic ya taso takanas zuwa Buenos Aires, suka yi wasan ban kwana.