Minti 12 Da Sassafe

Ciwon wuya da na ƙugu, gadon duk mai dogon zama kan takarda, shi ya kai mu kwas ɗin cigun a birnin Beijin. Mako biyu ana koya mana Baduwanjin, wato motsi takwas da Sinawa suka gada tun zamanin daular Song, wanda hukumar wasanninsu ta daidaita a 2003. A can abin da sauƙi: malami na gaba, tsofaffi na gefe suna ba mu kunya.

Sai da muka dawo gida muka gane inda gizo ke saƙa. Motsin minti 12 ne, amma a shida muke gamawa, hankali na kan babin da ya cije. To, gaggawar ce ke ɓata shi, domin hannu numfashi yake bi: a ɗaga tafuka sama ana jan iska, a sauke su ana fitar da ita. Yanzu da sassafe muke yi a tsakar gida, yara na leƙe suna dariyar mai ɗana baka ba kibiya. Wuyan ya saki. Ƙugun dai har yau muna lallashinsa, babin kuwa ya ƙaru da shafi uku.