Ɗana, Kafin Ka Zauna Gaban Dillalin Bashin Gida

 Labari ya iso mini cewa kai da maiɗakinka kun gaji da zaman haya, kuna son mallakar muhallinku a nan Ingila, har wani abokin aikinka ya haɗa ka da dillalin da ke nema wa mutane bashin sayen gida a bankuna. Na yi murna ƙwarai. Amma tattara hankalinka ka saurare ni. Bashin da kake shirin ɗauka zai bi ka shekara 25, wataƙila 30. Dillalin kuwa, hulɗarsa da kai ba za ta wuce 'yan watanni ba. Ranar da aka danƙa maka makulli zai karɓi la'adarsa ya kama gabansa, a bar ka da biyan wata-wata.

Ban ce ka guje shi ba. A tsawon zamana a ƙasar nan na ga mutanenmu da yawa sun je banki da ƙafarsu an sallame su hannu rabbana, alhali suna da halin biya. Wani takardar zamansa ce ba ta dindindin ba, wani bai daɗe ba balle bankuna su san tarihin biyan bashinsa, wani kuma aikin kansa yake yi, kamar tuƙin tasi, ba shi da takardar albashi. Kowane banki da irin ƙa'idarsa. Wanda ya ƙi ka a yau, maƙwabcinsa zai iya karɓar ka da hannu biyu, kuma dillalin kirki ya san ƙofar da za ta buɗu. Wannan sanin yana da daraja, domin duk buƙatar da ka shigar a hukumance tana barin alama a tarihin bashinka, idan alamun suka taru kuwa sai bankuna su fara ɗari-ɗari da kai. Don haka ka neme shi, matambayi ba ya ɓata. Sai dai ka shiga wurinsa da idonka a buɗe.

Na taɓa raka wani yaronmu wurin irin wannan dillali. Mutum ne mai fara'a, ya kawo mana shayi, ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajenmu, ya ce aikinsa kyauta ne, ko kwabo ba za mu biya ba. Yaron nan sai washe baki yake yi. Na bari ya gama, sannan na tambaye shi: to wa ke biyan ka? Bai ɓoye ba. Ya ce bankin da ya ba da bashin ne ke ba shi kamasho. Na ce ya rubuta mana nawa ne, ya jawo takarda ya nuna mana. Kamashon irin wannan yakan kai wajen kashi 0.35 cikin ɗari na bashin, wato kusan fam 700 a kan bashin fam 200,000. Wasu dillalan suna ƙarawa da cajin mai saye ɗaruruwan fam.

Wannan ba laifi ba ne, guminsa yake ci. Amma ka san kasuwar kara: dillali ba ya ganin la'ada sai ciniki ya faɗa, saboda haka da wuya ka ji ya ce maka koma gida, bana ba shekarar sayenka ba ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin ka miƙa masa ko takarda ɗaya, ka duba sunan kamfaninsa a rajistar hukumar FCA, wadda ke sa ido a kan masu wannan sana'a. Rajistar tana intanet, kowa na iya dubawa. Ka tambaye shi ko kasuwar duka yake dubawa, ko kuwa wasu 'yan bankuna ne kawai yake hulɗa da su. Ka tambaye shi nawa zai caje ka, yaushe, kuma ko kuɗin zai dawo idan cinikin gidan ya rushe. Duk a rubuce. Sannan ka leƙa bankinka da kanka, domin akwai tayin da wasu bankuna ba sa bayarwa ta hannun dillali. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ka ga ya ɓata rai, ka yi masa sallama.

Na kuma ga yadda wasu kamfanonin sayar da gidaje suke yi. Ka ga gida ya kwanta maka a rai, ka yi tayi, sai a ce maka ai sai ka zauna da dillalin bashin da ke ofishinsu kafin a kai tayinka ga mai gida, ga kuma wasu mutum uku suna layi. Kada wannan ya firgita ka. Doka ta wajabta musu isar da tayinka ga mai gida, kuma ba su da ikon tilasta maka dillalinsu. Iyakarta su nemi shaidar cewa kana da halin saye, kai kuma ka nuna musu takardar amincewar farko da banki ya ba ka. Ka tuna mai gida ne ya ɗauke su aiki, shi suke wa hidima. Idan suka san iyakar abin da za ka iya ranta, ka rage wa kanka ƙarfin ciniki. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu ga inda na fi jiye maka tsoro. Dillali zai buga lissafi ya ce maka banki zai iya ba ka kamar ninki huɗu da rabi na abin da kuke samu a shekara. Za ka ji kanka ya yi girma. Ni kuwa na ga shekarar 1989, lokacin da kuɗin ruwa a ƙasar nan ya kai kashi 15 cikin ɗari, na ga 1991, da aka ƙwace gidaje sama da 75,000 a shekara guda. Na ga watan Satumba na 2007, da mutane suka yi dogon layi a ƙofar bankin Northern Rock suna kwashe ajiyarsu, bankin da ya riƙa ba da bashin da ya kai kashi 125 cikin ɗari na darajar gida. Kai ma ka shaida na baya-bayan nan: Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a watan Agusta na 2023. Waɗanda aka tsayar wa farashin kuɗin ruwa na shekara biyu, da wa'adin ya cika sai suka wayi gari biyansu na wata ya ƙaru da ɗaruruwan fam. Na san magidantan da suka koma aikin dare a kan na rana, 'ya'yansu ba sa ganin su sai ranar Lahadi.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da banki zai iya ba ka daban, abin da za ka iya biya ka yi barci daban. Dillali bai san kana aika wa mahaifiyarka kuɗin cefane duk wata ba, bai san ƙannenka na makaranta ba, bai san hidimar azumi da salla ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka sa ya lissafa maka abin da za ka biya idan farashi ya hau da kashi biyu ko uku. Idan kuma ya ce a tsawaita shekarun don biyan wata ya yi sauƙi, ka nemi jimillar. Bashin fam 200,000 a kan kashi 5 cikin ɗari, a shekara 25 kana biyan kusan fam 1,170 a wata. A shekara 35 kuwa kusan fam 1,010. Sauƙin fam 160 ke nan a wata, amma a ƙarshe ka ƙara biyan sama da fam 70,000. Gara ƙaramin gida da kwanciyar hankali. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma wani irin dillali da ke yawo a cikin baƙi irinmu, wani lokaci ma da harshenka zai yi maka magana. Shi ne mai cewa kada ka damu, zai gyara maka takardu, a ɗan ƙara albashi, a ɓoye wani bashi. Na ga ƙarshen wani da ya biye wa irinsa. Bankin ya gano, aka janye tayin ana dab da kammala ciniki, kuɗin lauya da na duba gida suka bi ruwa, aka sa masa tambarin zamba da ya hana shi samun bashi shekaru. Dillalin ya kashe wayarsa.

Ɗana, sa hannunka ne a takardar, ba nasa ba. Tun 2014 aka tsaurara doka, banki sai ya tantance samunka da kashe-kashenka, yakan nemi bayanin asusunka na wata uku. Ka faɗi gaskiya ko da za ta rage maka abin da za a ba ka. Kuɗin kafin alƙalami ma sai an san asalinsa. Idan kwasar adashe ce, ka adana shaidar zubinka tun farko. Idan baffanka ne ya taimaka daga gida, za a nemi takardar da ke cewa kyauta ce, da shaidar inda ya samo. Idan rance ne, kada ka kira shi kyauta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun riba, wanda na san yana ci maka rai. Ni ba malami ba ne, ka kai wannan gaban masana da ka amince da iliminsu. Abin da zan shaida maka shi ne akwai wata hanya a ƙasar nan. A 2004 aka buɗe Islamic Bank of Britain, wanda ya koma Al Rayan a 2014, daga baya wasu irin su Gatehouse suka shigo harkar gidaje. Tsarin da aka fi sani shi ne ku sayi gidan tare da banki, kana biyan haya a kan kasonsa, kana kuma sayen kason nan kaɗan-kaɗan har gidan ya zama naka. Sau da yawa ya fi bashin ruwa tsada, kuma ba kowane dillali ne ya san shi ba. Ka faɗa wa naka tun zaman farko. Kada ka bar wanda bai san damuwarka ba ya yanke maka hukunci a kan addininka.

Idan takardar tayi ta fito, ka kai ta gida, ku karanta kai da maiɗakinka, layi bayan layi. Ku duba kuɗin buɗe bashin, da tarar da za a ci ku idan kuka biya kafin wa'adi, da farashin da za ku faɗa idan shekarun da aka tsayar suka ƙare. Idan dillali ya kawo maganar inshora, ka saurara, amma ka gwada farashi a wani wuri. Ka sani kuma a Ingila ciniki bai ɗauru ba sai lauyoyi sun yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin nan kada ka sallami gidan hayarka. Idan dillali ya cuce ka, ka rubuta wa kamfaninsa ƙorafi. In mako takwas ya wuce ba su warware ba, ka kai ƙara Financial Ombudsman Service, ba a biyan ko sisi.

Kada ganin sa'o'inka sun saya ya tunzura ka. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Idan lissafi bai fita bana ba, ka ƙara shekara kana tari, babu abin kunya a zaman haya. Ka yi shawara, ka yi istihara, ka ɗauki abin da wuyanka zai iya ɗauka. Allah ya ba ku gida mai albarka, ya ba ka ikon sauke nauyin da za ka ɗauka, ya raba ka da da-na-sani.