Gafakar Zamani: Darasin da Muka Koya a Bomo

Hausawa kan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Gaskiya ne, amma fa in ba a san hannun da aka ɗora wa zuba gishiri ba, sai kowa ya zuba, ko kuwa a rasa mai zubawa. Abin da ya same mu ke nan, mu shida, sa'ad da muke aji uku aka ba mu aikin tattara waƙoƙin noma da labarun manoma a Bomo, garin nan da ke maƙwabtaka da Samaru.

Mun yi mako biyar muna kai da kawowa, kowa da wayarsa yana ɗaukar murya da hotuna. Da mun dawo sai kowa ya laƙaba wa abin da ya ɗauko sunan da ya ga dama: wannan ya ce "sabo", wancan ya ce "na ƙarshe", wani kuma "na ƙarshe na gaske". Wasu mu tura wa juna ta WhatsApp, wasu mu bar su a waya, kowa na zaton ɗan'uwansa ya adana.

Cikin waɗanda muka zanta da su akwai wani dattijo wanda ya yi aikin lebura da ƙuruciyarsa a gonar gwaji ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta kuma zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ya ba mu labarin noman auduga, sa'an nan ya rera mana waƙoƙin gayya. Da za mu tashi ya ce, "'Ya'yana, ku riƙe da kyau, don waɗanda muka yi waƙoƙin nan tare duk sun riga mu gidan gaskiya." Muka ce, "To, Baba, in Allah ya yarda."

Ba mu riƙe ba. A wayata kaɗai hirar take, wayar kuwa ta salwanta a motar haya tsakanin Samaru da Sabon Gari. Da muka koma Bomo bayan hutu, sai muka tarar Allah ya yi masa rasuwa. Da-na-sani ƙeya ce. Bugu da ƙari, sauran muryoyin da suka tsira ma rabinsu ba mu iya tantance mai magana ko ranar da aka yi ta ba.

Na je wa malaminmu da zancen, na ce, "Allah ya gafarta Malam, tsautsayi ne." Ya dube ni ya ce, "Ɓatan waya tsautsayi ne. Rashin kwafi na biyu kuwa sakaci ne. Muryar da ba ta da suna da rana kuma, jita-jita ce." Daga nan ya umurce ni in je in dubi yadda magabata suka adana takardunsu.

Abin da na gani ya sa na ji kunya. Littattafan malamanmu na da, warƙoƙi ne sake, ba ɗinki, amma ba su rikicewa, domin mai kwafa kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. A ƙarshe sau da yawa yakan sa sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama, sa'an nan a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka. Haka nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, fayilolin Lardin Zariya na ɗauke da alamar ZARPROF, na Kano KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, kowane da lambarsa. Da irin wannan tsari ne masu bincike a Arewa House, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa shi a 1970, kan ambaci takarda har wani ya bi sawu ya same ta. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 ma, ba don an tattara rubuce-rubucen malamai wuri guda ba, da ba su iso gare mu ba.

Sai muka sake lale. Muka buɗe babbar folda guda a kwamfuta mai suna Bomo, cikinta ƙanana huɗu: ta murya, ta hotuna, ta rubutun da muka kwafo daga murya, da ta rahoto. Sunan kowane fayil kan fara da shekara, sai wata, sai rana, sai lamba, domin ta haka kwamfuta ke jera su bi da bi da kanta. Muka sayi littafi mai bango muka mai da shi rajista: lambar fayil, sunan mai magana, sana'arsa, wanda ya ɗauka, da ko ya yarda a yi amfani da maganarsa. Muka yi doka cewa asali ba a taɓa shi, a kan kwafi ake gyara. Kuma ba mai kwanciya sai abin da ya ɗauko ya shiga wuri uku: kwamfuta, filashi, da Google Drive. Daga ƙarshe muka naɗa ɗayarmu ma'aji, don a san hannun da ke zuba gishiri.

Aikin ya kammala, mun kuma ci. Amma a rajistarmu akwai layi guda da na rubuta da hannuna: lamba ta tara, dattijo manomi, waƙoƙin gayya. Gurbin fayil ɗin fayau yake.

Saboda haka, ya ɗan'uwana ɗalibi, kafin ka ɗauki waya ka nufi ƙauye, fara tanadin gafakarka. Abin da tsoho ya ba ka amana ce, ba lalle ne kuma ka same shi in ka koma ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.