Daga Garrigill Zuwa Tudun Hard Hill

Hanyar da ke kai matafiyi Moor House, gandun bincike a tsaunukan Pennine na arewacin Ingila, tana tashi daga ƙauyen Garrigill kusa da Alston, ta bi kwarin kogin South Tyne har itatuwa su ƙare, ƙasa ta buɗe ta zama fili mai sanyi da iska, inda wani gajeren tsiro mai furanni shunayya da masana ke kira Calluna ya mamaye ko'ina. A tuddan yankin da ake kiwon tsuntsun farauta mai kama da makwarwa, masu gadin daji sukan cinna wa tsiron wuta yanki-yanki tsakanin 1 ga Oktoba da 15 ga Afrilu, domin tsuntsun ya samu sabon toho, dabarar da makiyayanmu masu toyi a rani ba za su yi mamakinta ba.

Abin da ke jan matafiyi zuwa tudun Hard Hill da ke cikin gandun Moor House shi ne gwajin da aka fara a 1954, lokacin da aka ƙone filin aka raba shi: wani sashe ana maimaita ƙona shi duk shekara 10, wani duk shekara 20, wani kuma ba a sake sa masa wuta ba, kuma a kowanne akwai inda aka killace daga tumaki da inda aka bar su su yi kiwo. Inda wuta ba ta sake bi ba, Calluna ya tsufa ya yi kauri, inuwarsa ta danne ƙananan tsirrai. Inda ake yawan ƙonawa kuwa, ciyawar auduga mai farin tukku ta yawaita, tare da gansakukar Sphagnum, wadda ruɓaɓɓen jikinta ke taruwa cikin ƙarnoni ya zama baƙar ƙasa mai riƙe ruwa da kabon.

Tumakin wannan tudu kaɗan ne, shi ya sa tasirinsu bai taka kara ya karya ba, amma a gangaren da kiwo ya yi yawa matafiyi zai tarar da ciyawa mai tauri da ake kira Nardus ta maye gurbin Calluna. Sakamakon tudu ɗaya mai tsananin laima bai isa ya zama hujjar ƙona kowane fili ba, musamman da yake yawan wuta yana rage taruwar baƙar ƙasar, kuma tun 2021 Ingila ta hana ƙonawa ba tare da lasisi ba a keɓaɓɓun wuraren da baƙar ƙasar ta yi zurfi.