Fil Ɗaya a Kusurwar Takarda

Sanin kowa ne a sashen nan cewa handawut ba ya amsa sunansa sai an buga masa fil. Kafin nan tarin takardu ne kawai, iska ɗaya ta ishe shi. Amma ba mu cika tambayar wane ne ya buga fil ɗin ba, balle a wace kusurwa ya buga.

Ni mutumin Gashuwa ne, harshen Bade na sha a nono, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garinmu a 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ta riga ta, shagunan kwamfuta suka yawaita. Kawuna yana da ɗaya, kuma duk hutu ni ne mai sitefila a can. Aikin yana da wuyar da ba a gani. Sai ka jera shafi bi da bi, ka buga gefen takardun a tebur su daidaita, sannan ka danna. Ƙaramar sitefila mai fil lamba 24/6 ba ta cika wuce takarda 25 ba. In ka matsa mata, fil ya lanƙwashe. Da hunturu kuma takardu kan manne wa juna, in ba ka ƙirga ba ɗalibi ya tafi gida babu shafi na 7.

A manyan ofisoshi inji ne ke wannan aiki. Injinan Ricoh da Canon da Konica Minolta suna da wani akwati da ake jona musu a gefe. Tun daga kwamfuta ake zaɓar inda za a buga fil, akwatin ya tara shafukan, ya daidaita su, ya ɗinke, galibi har takarda 50 a bugu ɗaya. Kwalin fil ɗinsa guda yakan ɗauki 5,000. Kamfani zai turo takardun lissafin abokan ciniki ɗari, kowanne ya fito a ɗinke ba tare da hannu ya taɓa ba. Injin kawuna na hannu ne, da akwatinsa ya zo, amma da fil ɗin cikinsa ya ƙare sai daga Kano ake kawo irinsa. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ana lissafa kowane minti na janareta. Sitefilar hannu kuwa ba ta shan mai.

To amma ba tsada ce ta fi damuna ba. Inji yana buga fil inda aka umarce shi, kuma mai kwamfuta ya saba da kusurwar hagu ta sama, domin boko daga hagu ake karanta shi. Mu kuwa muna da darasin ajami. In aka ɗauki hoton waƙoƙin Nana Asma'u ko Imfiraji na Aliyu Namangi gaba da baya, aka ɗinke ta hagu, an juya littafin ke nan: bango ya koma ƙarshe, kana buɗewa kana cin karo da bayan shafi kafin gabansa. Zaɓin dama yana nan cikin kwamfutar, sai dai yana bukatar wanda ya dubi rubutun ya gane ta ina ya faro. Yaron da ya yi makarantar allo ba ya bukatar a gaya masa. Hannunsa da kansa yake zuwa dama.

Akwai ma takardar da ba ta son fil ko kaɗan. Alƙur'anin da alarammomin ƙasar Barno ke rubutawa da hannu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake zama cikin gafaka. Dabararsu ita ce a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, ko sun warwatse mai karatu zai mayar da su. Wani dattijo daga Nguru ya taɓa kawo mana littafin fiƙihu irin wannan a ɗaukar masa hoto. Da ya ga sitefila a kan tebur sai ya ce, "Ɗana, ko kwafin kada ka huda mini." Na ce, "To, Allah gafarta Malam." Ya zauna a benci yana bin kalmomin ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya, ya jera warƙa 60 kafin in gama ba wani canji.

Yanzu kawu yana shawarar sayo kwalin fil daga Kano kafin lokacin buga kundin 'yan ajin ƙarshe, don aiki ya yi sauri. Ban hana shi ba. Na dai roƙe shi, duk takardar da ta zo da ajami ko Larabci a ware ta gefe, a miƙa wa yaran shago biyu da ke kan tebur.