Madubin Kawu: Mai Zane Ko Marar Zane?

Mai karatu, idan kai ma'abocin finafinan Turawa ne irin na yaƙi, na san ka san wurin nan da hoto zai koma kamar bakin rijiya, baƙi ya kewaye shi, ga layi biyu sun gitta juna a tsakiya, ana bin mutum da su a hankali. Ni dai tun da na kalli 'Enemy at the Gates', fim ɗin 2001 wanda Jude Law ya fito a matsayin gwanin harbin Rasha a yaƙin Stalingrad, na ɗauka duk madubin hangen nesan da ba shi da wannan gicciye to wasan yara ne. Kawu na, maharbi, wanda bai taɓa zama ya kalli fim har ƙarshe ba, shi ya cire mani wannan tunani.

Ƙauyen mu ya na tsakanin Kura da Bunkure, a cikin filin noman ranin da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Tun da ruwan ya iso, dajin da kakannin mu su ka yi farauta a ciki ya zama gonakin shinkafa, alkama, tumatir da albasa. Namun dawa su ka ja da baya. Abin da ya rage wa maharba irin su Kawu shi ne tsuntsayen ruwa, su dinya da kirinjijiya, sai fakara da hasbiya. Wato dai yanzu farautar a cikin gonakin mutane ake yin ta, kuma nan matsalar ta ke.

A kakar 2021, da asuba, Kawu ya laɓe a bakin wata magudanar ruwa da bindigar sa ta toka. Shinkafa ta yi tsawo, gari bai gama wayewa ba. Ya ga wani abu baƙi ya na motsi a ƙarshen gona, ya ce a ran sa dinya ce. Ya ɗaga bindiga, ya saita. Allah da ikon sa, sai "dinyar" ta yi tari. Ashe yaro ne ɗan shekara tara, ɗan maƙwabcin mu, ya yi sammakon korar jan-baki, ya tsuguna ya na ɗaura gwangwanaye a igiya.

Kawu ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba. Ya rataye bindigar. Sai da aka yi wata biyu sannan ya faɗa mani, muryar sa na rawa: "Ɗan nan, ido na ya fara ha'intar ta. Saura ƙiris na ɗauki alhakin rai."

A nan na yi masa alƙawarin zan samo masa abin da zai riƙa duba fili da shi kafin ya taɓa kunamar bindiga.

Na shiga Kano, wajen wani mai sayar da kyamarori da kayan gwanjo a Sabon Gari. Ya fito mani da guda biyu, irin masu ido ɗaya da ake kafawa a kan ƙafa uku. Ka lura, ba irin wanda ake ɗaura wa bindiga ba ne. Wannan shi kaɗai ya ke tsayawa. Duka biyun su na kusanto da abu daga ninki 20 zuwa 60. Na farko idan ka leƙa, fili ne tas. Na biyun kuwa, ina leƙawa na ji gaba na ya faɗi don murna: ga layukan nan, da 'yan gaɓoɓi kamar na rula. Na fim sak!

"Malam, wannan na ƙwararru ne," in ji mai shagon. "Amma fa ya fi tsada."

Da yake mun saba, ya yarda na tafi da su duka na gwada, na dawo da wanda ban so.

Kafin na koma gida sai da na zauna na koyi aikin zanen, don kada na je na ji kunya. Ashe ba ado ba ne, ma'auni ne. Tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa Turawa na kiran ta "mil", amma ba mil ɗin tafiya ba. Gaɓa ɗaya ta na rufe santimita 10 a nisan mita 100, ko mita ɗaya cif a nisan mita 1,000. To idan ka san tsawon abu, za ka iya sanin nisan sa: ka ninka tsawon da 1,000, ka raba da yawan gaɓoɓin da ya cike. Mutum mai tsawon mita 1.7 in ya cike gaɓa biyar, ya na nisan mita 340 ke nan. Amfanin sa na biyu, ga masu harbin nesa da ke aiki su biyu, ɗaya na harbi ɗaya na kallo. Mai kallon zai ga inda harsashi ya faɗa, ya ce an kauce da gaɓa ɗaya hagu, mai harbin ya gyara. Sharaɗin shi ne ma'aunin da ke madubin biyu ya zama iri ɗaya. Akwai kuma tarko: a wasu madubai, awon ba ya yin daidai sai a ninki guda tak, ka na murza shi, lissafi ya rushe.

Sai na tuna ashe mu mutanen Kura mun daɗe da sanin wannan abu. 'Yan safiyon da ke awon kanal da daidaita gonaki, na'urar su mai ƙafa uku ita ma ta na da irin zanen. Su na karanta tazarar da layi biyu su ka kama a jikin sandar awo, su ninka da 100, su sami nisa. Santimita 50 a sanda, mita 50 a ƙasa. Abin dariya ma, asalin layin daga gizo-gizo ne. Wani Bature masanin taurari a Ingila, William Gascoigne, wajen 1640, gizo ya yi saƙa a cikin madubin sa, ya leƙa ya ga zaren ya fito raɗau tare da abin da ya ke kallo. Ka ji Gizo, ko a Turai sai da ya sa hannu!

Ranar gwaji mu ka fita bayan sallar asuba, mu ka kafa su a kan gaɓar kanal. Na fara miƙa wa Kawu mai zanen, ina ta zuba bayani kamar malamin lissafi. Ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Wa ya kafa tsani a cikin sa?"

"Kawu, awo ne. Da shi za ka san nisan tsuntsu."

"To na sani, sai me? Bindiga ta in ta wuce taku hamsin, sai dai ta ba tsuntsu tsoro. Taku hamsin kuwa ko da ido ɗaya na san shi."

Gaskiyar sa. Bindigar toka watsa darma ta ke yi, ba ta da wani saiti da za a ce a gyara da gaɓa ɗaya. Ya ƙara da cewa a wannan duhu-duhun, layukan na haɗewa da karan shinkafa, su na rufe masa daidai wurin da ya ke son gani. Da ya leƙa marar zanen kuwa sai na ji ya ce, "Yauwa! Ga balbela uku, ga zalɓe, ga kuma wani can ya na ban-ruwa." Mutumin nan ni da ƙuruciya ta ban gan shi da ido ba.

Mun kuma gano wani abu da mai shago bai faɗa ba. Ninki 60 ɗin nan da ake taƙama da shi, da asuba duhu ya ke ƙarawa, da rana kuma kawalwalniya ta sa komai ya riƙa rawa, balle in hazo ya sauka. A ninki 20 zuwa 30 aikin ya ke.

Duk da haka rai na ya na kan mai zanen. Na ja shi gefe ina ta juya shi, ina jin kai na kamar jarumin fim. Can sai wata yarinya mai tallar fura ta ɓullo a kan hanyar gona, gicciyen ya sauka daidai ƙirjin ta. Wallahi mai karatu, babu bindiga a hannu na, amma sai da tsigar jiki na ta tashi. Na kau da kai da sauri. A fim ban taɓa jin haka ba, domin a can an riga an gaya mani wane ne mugu. Zanen nan ya na koya wa ido ya ɗauki duk abin da ya shigo tsakiya a matsayin abin hari. Mu kuwa abin da ya kai mu kasuwa shi ne neman abin da zai sa a dakata.

Na faɗa wa Kawu. Ya yi murmushi ya ce, "Ni tambaya biyu na ke so ya amsa mani: mene ne wancan, kuma wa ke bayan sa."

Ba na cewa mai zane ba shi da amfani. Soja, ko mai gasar harbin nesa, ko ɗan safiyo, wannan abincin su ne, kuma in ka na cikin su kada ka sayi marar zane don arha. Amma maharbin da ke yawo tsakanin gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda kowace kunya akwai mai ban-ruwa ko mai korar tsuntsu, hoto mai tsabta ya fi masa lissafi. Sannan a wannan zamani na rashin tsaro, wa ke son a buɗe jakar sa a hanya a ga abu mai kama da na sojoji, ya tsaya dogon bayani?

Na mayar da mai zanen, na biya kuɗin ɗayan. Kawu ya sauke bindigar sa daga rataya, amma abin mamaki, yanzu kallon sa ya fi harbin sa yawa. Sai ya yi rabin sa'a ya na duba fili gona-gona, wani lokaci ya naɗe kayan sa ya dawo hannu rabbana, ya ce mutane sun yi yawa. Yaron nan da ya yi tari, yanzu ya zama saurayi, shi ke ɗaukar masa ƙafa ukun. Har yau bai san labarin ba, Kawu kuma ya ce kada na kuskura na faɗa masa suna a jarida. Na cika alƙawari.

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar alhaki, amin.