Kifi Da Lambu A Bayan Gida

Wani malami ya so yin lambu da rani, amma ruwan rijiyarsa kaɗan ne. Sai ya cika ganga da ruwa, ya zuba tarwaɗa 20. Ya huda gindin kwatarniya, ya ɗora bisa gangar, ya cika ta da tsakuwa, ya dasa alayyafo.

Ɗan famfo ke tura ruwa sama. Cikin tsakuwar akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke mai da kashin kifi taki. Alayyafo ya sha takin, ruwa ya komo wa kifi garau.

Ran nan ɗansa ya cika musu abinci, ruwa ya ɓaci, 5 suka mutu. Tun daga nan da cokali a ke aunawa.